Zan Iya Sayar da Shafin Intanet da Na Haɗa da Manhajar Kyauta, Kuma Akwai Riba a Ciki?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Gwale, na gama karatun kwamfuta bara, har yanzu aiki bai samu ba. Na koyi haɗa shafin intanet da WordPress, kuma ina tunanin in riƙa haɗa shafuka ina ajiyewa, kamar na makaranta ko na shago, in mai so ya zo sai in sauya suna da hotuna in sayar masa. Abu biyu ke damuna. Na farko, manhajar nan kyauta na sauke ta, shin ba cuta ba ce in karɓi kuɗin mutum a kanta? Na biyu, wani abokina ya ce mutanen Kano ba sa biyan kuɗin irin wannan aiki, WhatsApp ya ishe su. Don Allah a ba ni shawara kafin in zuba ɗan abin da nake da shi."

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa karatun albarka, ya kawo buɗi. Na ji daɗi da ka fara da tambayar haƙƙi kafin ta riba, domin da yawa daga masu shigowa wannan sana'a sai sun ci kuɗin mutane sannan suke waiwayen haka. Idan na fahimce ka, kana son ka sani ko masu manhajar sun yarda a ci abinci da ita, sannan ko akwai mai saye a garin nan. Na haura shekara goma ina wannan aiki a cikin Kano, kuma amsata ga duka biyun ita ce e. Sai dai ribar ba a wurin da kake hango ta take ba. Kai kana ganin shafin ne hajarka, ni kuwa abin da na gani shi ne shafin ƙofar shiga ce kawai, abin da mutum yake biya shekara da shekaru shi ne samun wanda zai kira idan abu ya lalace.

Abin da masu manhajar suka ce

WordPress ta fito ne a 2003, Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila suka fara ta, kuma yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke tafiya. Sun sake ta ƙarƙashin lasisin da ake kira GPL, wanda Richard Stallman ya fitar da na farkonsa a 1989, na biyunsa kuma a 1991. Lasisin ya ba duk wanda manhajar ta shiga hannunsa izini huɗu: ya yi amfani da ita a duk abin da yake so, ya buɗe cikinta ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara ta, ya kuma ba wani, ko da kuɗi ko ba kuɗi. Wannan na ƙarshen shi ne amsar tambayarka. Rikicin da ake samu daga harshen Turanci ya taso, domin kalma ɗaya suke amfani da ita ga abin da aka bayar kyauta da abin da aka 'yanta. Mu Hausa ta raba mana su. Manhajar nan 'yantacciya ce, ba a ɗora maka sharaɗin sai ka yi aikinka kyauta ba. Sauran manhajojin haɗa shafi irin Joomla da Drupal da Moodle ta makarantu duk a kan GPL suke.

Akwai sharaɗi guda da ya kamata ka riƙe da kyau, domin shi ne zai tsara maka kasuwancin gaba ɗaya. Duk wanda ka miƙa wa manhajar, har da gyaran da ka yi a cikinta, shi ma ya samu irin iznin da ka samu. Ma'ana, in ka sayar wa mai makaranta shafi, yana da damar ya kwafe manhajar ya ba ƙaninsa mai wata makarantar, ba ka da bakin magana. Hotunanka da rubutunka da tambarin da ka zana ba su shiga wannan ba, amma manhajar ta shiga. Saboda haka kar ka gina sana'arka a kan ɓoye wani sirri. Wani ƙaramin abu kuma: sunan WordPress da tambarinta mallakar gidauniyar WordPress ne, kuma sun nemi kar a sa cikakken sunan a cikin adireshin shafin kasuwanci. Ka zaɓi sunanka na kanka.

Ka dubi ɗan garuwa. Ruwan da ke rijiyar masallaci na kowa ne, amma babu wanda ya taɓa cewa ɗan garuwa ya cuce shi don ya karɓi kuɗin jarka. Ƙarfinsa aka biya, da kurarsa, da zaman layin da ya hutar da kai. Cutar tana shigowa ne ranar da ya ce maka ruwan famfo ne alhali daga kududdufi ya ɗebo. Haka abin yake a wajenmu, kuma wurare uku na ga ana yin algus. Na farko, mutum ya ce wa Alhaji shi ya zauna ya rubuta manhajar tun daga tushe, don ya ninka kuɗi. Na biyu, ya ɓoye cewa akwai kuɗin sabuntawa duk shekara, sai shafin ya mutu sannan mai shi ya ji labari. Na ukun shi ne wanda ya taɓa ƙona ni.

A shekaruna na farko na haɗa wa wata makarantar kuɗi shafi. Na ga wata rigar shafi mai kyau, wato tsarin da ke ba shafi kamanninsa, wadda ake sayarwa da dala, sai na samo kwafinta a wani wuri da ake raba irin waɗannan ba ko sisi. Na ɗora, aiki ya yi kyau, aka biya ni. Bayan wata huɗu, ana tsakiyar ɗaukar sababbin ɗalibai, shugabar makarantar ta kira ni da sassafe muryarta na rawa. Wani uba ne ya nemi sunan makarantar a Google, da ya danna sai wayarsa ta kai shi shafin caca. Na hau adaidaita na tafi. Na tarar da ita a ofis da wayar a hannu, uban yana zaune a gefe bai ce uffan ba. Da na buɗe laftof na bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, sai ga wasu layuka da aka cusa a cikin rigar tun kafin in sauke ta, ƙofar baya ce da masu kutse suka bar wa kansu. Kwana biyu na yi ina share shafin, na sayi riga ta halal da kuɗin aljihuna, amma makarantar ba ta sake ba ni aiki ba, kuma ba su yi laifi ba. Tun daga ranar, ko dai in ɗauki riga da fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi don ya yi wani aiki, daga rumbun WordPress na hukuma, inda suke kyauta kuma ana duba su, ko in saya daga mai su. In za ka saya a kasuwa irin ThemeForest, ka sani lasisinsu na yau da kullum na shafi ɗaya ne. Ka sayar wa mutum goma, lasisi goma za ka saya, sai ka sa kuɗin a cikin farashi.

Maganar abokinka

Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin nan yana da nauyi. Mai shagon tireda a Kurna, ko matar da ke sayar da turaren wuta daga gida, ba sa bukatar shafi. WhatsApp Business da Instagram sun ishe su, in an ƙara musu da sa shagon a taswirar Google, wanda shi ma kyauta ne, an gama musu komai. Idan irin waɗannan suka zo wajenka, ka gaya musu gaskiya ko da za ka rasa cinikin. Na sha yin haka, kuma wasu daga cikin manyan ayyukana ta hannun irin mutanen nan suka zo, domin sun tafi suna cewa yaron nan ba ya cin kuɗin banza.

Ɗaya rabin shi ne akwai mutanen da rashin shafi yake jawo musu asara a zahiri, su ne kasuwarka. Ɗan kasuwar Dawanau da ke fitar da riɗi ko zoɓo ko citta waje, mai saye daga Turkiyya ko Indiya zai nemi sunan kamfaninsa a intanet kafin ya amsa masa wasiƙa, kuma imel mai ɗauke da sunan kamfani ya fi na Gmail kwarjini a idon baƙo. Ɗan kwangila da ƙungiya mai neman tallafi, su ma ana duba su kafin a zauna da su. Makarantun kuɗi, waɗanda kusan kowace unguwa tana da su, suna son fom ɗin shiga da duba sakamako. Akwai ƙananan otal, da ɗakunan gwajin jini, da kamfanonin Hajji da Umara, da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa masu son jera kayansu ga dillalai na nesa. Waɗannan duk suna biya idan ka nuna musu abin da shafin zai yi musu. Abin da ba sa biya shi ne dogon bayani a kan fasaha.

Wani Alhaji mai sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari ya koya mini darasin da ban samu a aji ba. Na haɗa masa cikakken kanti da WooCommerce, wato ƙarin manhajar da ke mai da WordPress shago, da kwandon saye da biyan kuɗi da kati, komai da komai. Na kai masa ina jin na ƙure. Ya karɓi wayar ya jujjuya, ya ce, "Yaro, to a ina za a taya?" Na ce ai farashi a rubuce yake, mutum ya danna ya biya. Ya girgiza kai ya ce kwastomominsa na Maraɗi da Damagaram da Njamena ba su taɓa sayen bandir ba tare da an yi albarka an yi sallama ba, kuma farashin sari na mai ɗaukar dila biyar ba shi ne na mai ɗaukar turmi biyu ba. Ba ya son maƙwabcinsa ma ya ga farashinsa. Na koma na cire kwandon da farashin gaba ɗaya. Kowane zane na ba shi lamba, na sa maɓalli a ƙarƙashinsa, in an danna sai ya buɗe WhatsApp ɗin yaron shago da saƙo a rubuce cewa ana tambayar zane mai lamba kaza. Muka yi safiya uku da yaron muna ɗaukar hoton zannuwa a bakin shago kafin rana ta yi zafi, domin hasken fitilar cikin shago yana mai da shuɗi kamar baƙi. Wannan shafin, da ya fi na farko sauƙin haɗawa nesa ba kusa ba, shi ne ya yi aiki, kuma daga baya na sayar da irinsa ga wasu 'yan layin.

Ka zaɓi sana'a ɗaya

Tunaninka na haɗawa ka ajiye daidai ne, ribar ɗinkakkun kaya kenan: aikin da ya ci maka mako uku a karon farko, a karo na biyar kwana biyu zai ci. Amma kar ka haɗa na makaranta da na otal da na asibiti da na kanti a lokaci guda. Ka ɗauki ɗaya ka san shi ciki da bai. In makaranta ka zaɓa, ka je ka zauna da mai kula da jarrabawa ka ga yadda suke haɗa makin gwaji da na jarrabawa, yadda suke fitar da na ɗaya da na biyu, me ake rubutawa a wurin ra'ayin malamin aji, yadda ake raba zango uku, da yadda makarantar da ke haɗa boko da Islamiyya take son a nuna haddar yaro. Wanda ya sauke riga daga waje ya sauya suna kawai ba zai san waɗannan ba, kuma nan ne za ka fi shi. Ga wata fa'ida: masu sana'a ɗaya sun san juna. Masu makarantu suna da ƙungiya, 'yan kasuwa suna da shugaban layi. In ka gamsar da mutum ɗaya, shi zai kai ka wajen uku.

Shafin da za ka ajiye ya zama mara nauyi. Kusan duk wanda zai buɗe shi a waya zai buɗe, da ɗan data da yake lallaɓawa, wani lokaci a wurin da sabis ke rawa. Ni ina da wata tsohuwar waya mai araha da na ajiye don gwaji kawai, duk shafin da ya wahalar da ita ba ya fita daga hannuna. Ka rage girman hotuna kafin ka ɗora, ka guji bidiyon da ke kunna kansa, kar ka tara fulogin ashirin inda shida za su yi, domin kowane ɗaya ƙarin nauyi ne kuma ƙarin ƙofa ce ga ɓarawo. Ka duba salon rubutun da ka zaɓa yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ daidai. Na sha ganin shafin Hausa da haruffan nan suka koma akwatuna, ko suka fito da wani girma daban a tsakiyar kalma. Noto Sans na Google yana ɗauke da su. Makullin tsaro da ke bayyana a gefen adireshi kuwa, wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt tana bayar da shi kyauta kuma yawancin masu ba da masauki, wato wurin da ake hayar ajiye shafin a intanet, suna haɗa shi da kansu, kar ka caji mutum a kansa kamar wani abu ne ka sayo.

Inda kuɗin yake

Hanya uku ake bi. Ko ka sayar ka miƙa makulli ka tafi, ko ka sayar ka ci gaba da kula da shafin ana biyanka, ko ka bayar haya, shafin yana masaukinka mutum yana biyan wata-wata. Matasa sun fi son ta farko saboda kuɗi ne a dunƙule, amma ita ce ta fi cutar da kowa. Shafin WordPress ba gini ba ne da za a gama a bar shi. Ana fitar da sabuntawa a kai a kai don toshe ɓarakar tsaro, fulogin ma haka, domen, wato sunan adireshin shafin, da masauki kuma duk shekara ake biya. Wanda ka sayar wa bai san wannan ba. Ranar da shafin ya tsaya kai zai kira, ko kun yi yarjejeniya ko ba ku yi ba, kuma in ka ƙi ɗauka sunanka ne zai ɓaci a kasuwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tunda askin ba makawa, gara a sa masa farashi tun ranar farko.

Bari in yi maka lissafi da alƙaluman misali kawai, kai za ka sa na gaskiya bayan ka zagaya ka ji farashin yau. Mu ƙaddara ka sayar da shafi naira 150,000, domen da masauki da riga suka ci 50,000, ka tsira da 100,000. In a wata uku ka samu ciniki ɗaya, ka ga ba za ta riƙe ka ba. Amma mu ƙaddara duk wanda ka sayar wa yana biyan 5,000 a wata na kulawa. Ranar da suka kai mutum 20, kana da 100,000 duk wata ko ba ka yi sabon ciniki ba, kuma tunda duk shafukan daga tsari ɗaya suka fito, kula da ashirin bai fi kula da biyar wahala sosai ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa na dage a kan sana'a ɗaya. Mutanenmu dai ba sa son biyan wata-wata, sai ka yi ta bin bashi kamar mai karɓar kuɗin adashi. Abin da ya yi mini aiki shi ne in karɓa a dunƙule sau ɗaya a shekara tare da kuɗin sabunta domen, makarantu kuma zango-zango, a makon da iyaye suke biyan kuɗin makaranta.

Kuɗin kulawar nan sai ka yi aikinsa da gaske. Ka ware rana ɗaya a mako ta sabuntawa. Ka riƙa ajiye kwafin kowane shafi a wani wuri daban da masaukinsa, kuma lokaci-lokaci ka gwada dawo da shi daga kwafin ka tabbatar yana tashi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rubuta ranar ƙarewar kowane domen a littafi, ka fara tuna wa mai shi tun saura wata guda.

Batun dala ma ka sa shi a lissafi. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya yi wa kwastoma alƙawarin tsayayyen farashi na shekaru alhali masaukinsa da dala ake biya, daga aljihunsa ya yi ta cikawa. Shi ya sa ga ƙananan shafuka na fi son domen mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi kuma ana biya da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Ka rubuta a takarda cewa kuɗin sabuntawa yana bin farashin shekarar.

Amanar da ke hannunka

Domen na mai kasuwanci ne, da sunansa da imel ɗinsa za ka yi rajista, ba naka ba. Wannan magana ina yin ta da zafi saboda abin da na gani. Wani mai kamfanin tafiye-tafiye ya zo wajena, yaron da ya yi masa shafi ya bar gari, wayarsa ba ta shiga, domen kuma da sunan yaron yake. Adireshin nan yana jikin allon ofis, yana kan katinsa da rasit ɗinsa da jikin motarsa. Muna ji muna gani ya ƙare, ba mu da hanyar sabunta shi, dole muka sayi wani suna, ya sake buga komai. Wasu da gangan suke riƙe domen don su ɗaure kwastoma. Kar ka yi. Ranar miƙa aiki ka ba mutum takarda mai ɗauke da sunan shiga da kalmar sirri na domen da masauki da shafin kansa, ka ce ya adana ta inda yake adana takardun shago. Wanda ya san zai iya barinka duk ranar da ya so, kuma ya zauna, shi ne kwastoman da zai daɗe.

Haka batun karɓar kuɗi. In shafin zai karɓi kuɗi da kati ko tiransifa, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin Paystack da Flutterwave duk suna haɗuwa da WooCommerce, amma asusun da sunan mai kasuwancin za a buɗe, kuɗi su faɗa bankinsa kai tsaye. Kar kuɗin makarantar yaran mutane ya bi ta asusunka ko da na dare ɗaya ne. Sannan shafin makaranta ko na ɗakin gwaji yana ɗauke da sunayen yara da hotunansu da lambobin iyaye da sakamakon rashin lafiya. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita. Ko ba doka ma, amana ce. Kar ka karɓi bayanin da ba a bukata, kar ka bar sakamakon yaro a inda duk wanda ya canki lamba zai gani, kuma kar ka yi amfani da bayanan wata makaranta a matsayin samfurin da kake nuna wa wata.

Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da zarar ka samu hali, domin makarantu da kamfanoni sun fi sakin jiki su tura kuɗi asusun kasuwanci. Kowane aiki kuma a rubuta shi, ko da a takarda ɗaya ne: shafuka nawa, wa zai kawo hotuna da rubutu, gyara sau nawa ne a cikin kuɗin, nawa ne na shekara. Ka karɓi kafin alƙalami, aƙalla abin da zai biya domen da masauki da rabin ladanka. Abin da ya fi jinkirta aiki a garin nan shi ne jiran kwastoma ya kawo rubutu da hoto, sai ka yi wata biyu kana jin "gobe in sha Allah". Ni yanzu da kaina nake zuwa da waya in ɗauki hotunan, in zauna da mai wurin rabin awa yana magana ina rubutawa, kuma ina sa kuɗin wannan a cikin farashi.

Iyakar abin da zan iya ce maka

Duk abin da na faɗa daga aiki da ƙanana da matsakaitan 'yan kasuwar Kano ya fito. Akwai masu gina shafi su tara masa maziyarta sannan su sayar da shi a kasuwannin waje irin Flippa, akwai kuma masu zana riga su sayar wa duniya. Ban yi wannan da hannuna ba, don haka ba zan ɗora ka a kai ba, illa in ce gasar can da ƙwararrun duniya ake yin ta, ta nan kuwa sanin gari ne makaminka. Bayanin lasisi da na yi na mai sana'a ne, in aiki ya girma har ana maganar miliyoyi ka nemi lauya ya duba takardunku. Ta fuskar addini kuma, ni na gaya maka abin da masu manhajar suka yarda da shi da inda algus yake shigowa, hukuncin kuwa ka kai wa malaminka da wannan bayani a hannu.

Game da ɗan jarin naka, kar ka kama shago yanzu, kar ka buga allo. Laftof ɗinka da data da abin cajin da zai riƙe ka in an ɗauke wuta sun isa. Ka sayi domen ɗaya da ƙaramin masauki, ka haɗa samfuri guda na sana'ar da ka zaɓa, da sunan da ba na kowa ba da hotunan da kai ka ɗauka. Sannan ka fara da makarantar da ke unguwarku ko shagon wani ɗan'uwan mahaifinka, inda aka san gidanku. In ka shiga kar ka ce WordPress, kar ka ce manhaja. Ka gaisa, ka buɗe samfurin a wayarka, ka miƙa masa ya riƙe da hannunsa, ka ce ya danna inda aka rubuta duba sakamako. Tambayoyin da zai yi maka a minti biyar ɗin nan ka rubuta su da ka fito, da su za ka gyara samfurin kafin ka shiga wuri na biyu.